Moji-moji a Ɗakin Hajja Dumbulwa

"Lafiya ƙalau na kwana, Maigida, sau biyu ke nan ina gaya maka. In ka tambaye ni na uku, to ciwo kake nema mini."

"Ya Sitti, yanzu gaisuwa ma ta zama laifi?"

"Taka dai. Shigo ka rufe ƙofa, kana fitar mini da sanyin mukayyif."

Hajja Dumbulwa ke nan, da hantsin wata Alhamis a shekarar 1998, tana zaune a kan katifa a ɗakinta na ƙasa a unguwar Harra ta Yamma cikin birnin Madina, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta aiki, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Wanda ake yi wa wannan kyakkyawar maraba kuwa jikanta ne, Saif, ɗan shekara ashirin da bakwai, mai aiki a wata matatar mai a Yanbu. Sunansa na yanka Usmanu, sunan marigayi mijinta, don haka bakinta bai taɓa furta shi ba. Gida na ce masa Saif, ita tana ce masa Maigida, shi kuma Sitti yake ce mata, yadda yaran Madina ke kiran kaka. Tun yana cikin tsumma aka ɗaura wannan aure na wasa, kuma duk da zagin da ake sha safe da yamma, har yau ba wanda ya nemi saki.

Yau dai ba wasa ne ya kawo Saif ba. A aljihun jallabiyarsa akwai takarda ninki huɗu. Sharikar, wato kamfanin da yake wa aiki, ta zaɓe shi ya tafi Japan ƙaro ilimi na wata tara, kuma in bai sa hannu ba zuwa safiyar Asabar, wani za a ba. Yana son tafiyar nan kamar me. Abin da ya riƙe masa hannu alkawari ne. Ranar da aka binne mahaifinsa, yana ɗan shekara goma sha huɗu, tsohuwar nan ta kama hannunsa ta ce tunda ɗanta ya riga ta, to shi zai sa ta a kabari a Baƙi'a da hannunsa, ba wani ba. Ya ce ya ɗauka. Ita kuma ba riƙon wasa ta yi wa maganar ba. Shekara ashirin rabonta da kwana a wajen Madina, don kada ajali ya same ta a wani gari. Likkafaninta, wanda aka wanke da ruwan Zamzam, yana cikin koren akwatin ƙarfe a kusurwar ɗaki, makullin yana rataye a wuyanta. Ta haura tamanin. To wa zai dubi tsabar idon irin wannan ya ce mata zai tafi bangon duniya sai bayan wata tara?

Don haka ya yi abin da matsorata suka saba yi, ya shigo da kaya niƙi-niƙi.

"Tsaya, tsaya. Me na aike ka ka sayo mini?"

"Lalle."

"Ƙulli nawa?"

"Ɗaya."

"To wannan akwatin ƙanƙara fa, gawar wa ka ɗauko?"

"Kifi ne mai tsada, ya Sitti. Najil. Jiya da yamma yana cikin teku yana harkokin gabansa."

"Najil! Shekara biyar kana Yanbu, ko ƙayar kifi ba ka taɓa kawo mini in yi sakace ba. Yau najil. Wa ka bige da mota?"

"Ba wanda na bige."

"An kore ka daga aiki?"

"Haba!"

"To man sharika ka sata."

"Wato miji ba zai kyautata wa matarsa ba sai in ya yi laifi?"

"Miji! Ji shi. Mijin da na yi wa tsarki da hannun nan nawa, a bayan ƙofar can, yana tsala ihu har maƙwabta na leƙowa."

"Wannan ai sirrin aure ne, bai kamata ki riƙa tonawa ba."

"Kuma da wane haƙori zan ci najil ɗin? Huɗu suka rage mini, ba wanda ke kallon ɗan'uwansa."

"Shi ya sa na zaɓo mai laushi. Ni ai na san abin da na aura. 'Yan matan Yanbu layi suke yi a ƙofar sharika, ina ce musu ku yi haƙuri, ina da tsohuwa a Madina, ba a yar da kayan tarihi."

"Layin kallon kunnuwa dai. Allah Ya hore maka kunnuwa kamar faifai. In iska ta taso daga teku, ba sai an ɗaure ka a jikin ƙarfe ba?"

"Kayan tarihi na ce. An gaya mini ranar da dutsen Harra ya yi aman wuta, ke kika fita da masara kika gasa a kai."

"Na gasa. Kakanka ya ci uku ya ce ba gishiri. Duk halinku ɗaya, ba godiya. Miƙo lallen in gani."

Ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu. Lalle ne mai kyau, kore shar, kuma ta san mai kyau ne, shi ya sa ta taɓe baki.

"Ganyen shayi suka daka maka."

"Wallahi na gari ne."

"Wancan dogon abin a cikin kwali fa?"

"Filas ne na shayi, ɗan Japan. In kika zuba da asuba, har magariba yana ƙona baki."

"Ɗan Japan," in ji Hajja, ta ɗan dube shi ta wutsiyar ido. "To, madalla. Zauna."

Ya zauna a kan kafet. A mota, tun daga Yanbu har ya wuce Badar, ya tsara maganar tsaf, ya san ta inda zai fara da inda zai sauka. Yanzu ya nemi farkonta ya rasa. Ya kama bakin hiraminsa yana murzawa. Ya taɓa aljihu, ya janye hannu. Ya buɗe baki, ya rufe. Babban yatsan ƙafarsa ya shiga haƙar kafet kamar an ba shi kwangilar rijiya.

"Maigida."

"Na'am."

"Banɗaki yana nan inda ka bar shi."

"Ba shi nake ji ba."

"To kuɗin-cizo ne a kafet ɗina?"

Dariya ta ƙwace masa ba shiri.

"Wallahi ke da Injiniya Hirota bakinku ɗaya. Shi ma mako guda ke nan yana ce mini moji-moji nake yi."

"Wane ne kuma Hirota?"

"Shugaban sashenmu. Bajapane ne, dattijo, mai furfura."

"Kuma ya zage ka ka tsaya kana kallonsa? Ba wanda ke da izinin zaginka a ƙasar nan sai ni."

"Ba zagi ba ne."

"Moji-moji ba zagi ba? Ni da jin sa ma sai na ji ƙaiƙayi."

Saif ya ji daɗin samun hanyar kaucewa. Nan take ya gyara zama ya koma malami, shi da ko gaisuwar Japananci bai gama haddacewa ba.

"Kin gane, ya Sitti, su Japanawa komai sai sun ba shi sauti. Ba abin da ke ƙara kaɗai ba, har wanda ba ya ƙara: yadda mutum ke tafiya, yadda yake murmushi, yadda zuciyarsa take. Moji-moji shi ne mutum yana da magana a cikinsa, yana so ya faɗa, kunya ko nauyin baki ya hana shi. Sai ki ga yana murza yatsu, yana kallon ƙasa, ya dogara a wannan ƙafa ya koma waccan. Yaro in aka ce ya gai da baƙo, ya ɓuya a bayan zanen uwarsa yana leƙe, moji-moji ke nan."

"Yaro ka ce. Kai da gemunka fa?"

"Ana gaya wa babba ma. Sai dai in aka gaya wa babba, an ɗan ja masa kunne ne."

"Ai kuwa ya samu wurin kamawa."

"Sitti!"

"Ci gaba, Malam. Yaya yake faɗa maka?"

"Sai ya zo ya tsaya a gaban teburina ya ce, 'Saifu-san, moji-moji shinaide.' Wato daina moji-moji, fito da abin da ke ranka."

"Shinaide," in ji Hajja, tana juya kalmar a baki kamar ƙwallon dabino. "To bari in gwada ka, in ga ko da gaske ka iya ko burga ce. Baffanka Sharfuddeen, in na ce ya zo daga unguwar Sih ya kai ni Masallacin Harami, sai ya yi awa guda yana neman takalmi, ya zauna ya sha shayi, ya koma neman makullin mota, har a tayar da salla. Moji-moji ne?"

"A'a. Wannan guzu-guzu ne."

"Wani ne kuma daban?"

"Daban ne. Guzu-guzu jan jiki ne, an kira ka ka ƙi sauri, kana ta nawa. Mai moji-moji so yake ya yi, nauyi ne ya danne shi. Mai guzu-guzu kuwa bai ƙi a wuni ana jiransa ba."

"Wallahi sun san baffanka. Kyanwata da ke zagaye akwatin kifinka tun ɗazu fa?"

"Uro-uro. Kai-kawo ba takamaiman wurin zuwa."

"Ita ta san wurin zuwanta sarai. Kore ta."

Ya kore ta. Hajja ta ja carbi ɗaya, biyu, uku, sannan ta yanke hukunci.

"Sata ce."

"Me aka sata?"

"Maganarmu suka sace suka sauya mata riga. Inda-inda. Noƙe-noƙe. Kame-kame. Ƙumbiya-ƙumbiya. Tun ba a haifi kakan Hirota ba muke maimaita kalma sau biyu don mai taurin kai ya ji."

"Ya Sitti, ina Japan ina Damagaram?"

"Kai yaro ne. Lokacin da muke Sawakin muna jiran jirgin ruwan da zai ƙetare da mu zuwa Jidda, akwai wani Ɗan'inna a ayarinmu, mutumin Gumel, sarkin barci. Ya tashi cikin magagi ya faɗa jirgin da ba namu ba. Har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Ina kake zaton ya sauka?"

"Japan?"

"To ina? Shi ya zaunar da su ya koya musu. Duk wanda ka ga yana gyangyaɗi a cikinsu, jikansa ne."

"Bara kin ce Ɗan'innan nan Indiya ya sauka, shi ya koya musu cin yaji."

"Ya biya ta can ne."

"To amma inda-inda ai a baki take. Moji-moji duk jiki ne, har yatsun ƙafa."

"Noƙe-noƙe fa?"

"Mai noƙe-noƙe sau da yawa ba ya son yi ne. Kame-kame kuma na mara gaskiya ne, irin wanda kika yi ranar da likita ya tambaye ki wa ya cinye gwangwanin halawar da ke ƙarƙashin filonki."

"Kyanwa ce."

"Kyanwa ta buɗe murfi, ta ci, ta mayar ta rufe?"

"Tarbiyyata ce. Kai da na rena ka taɓa rufe wani abu a gidan nan? Wato dai kai mai gaskiya ne."

"Ni kuwa."

"To, mai gaskiya, zuba mana shayi a filas ɗinka na Japan, sannan ka gaya mini wace magana ce Hirota ya ga tana cin ka har mako guda."

Malanta ta ƙare. Saif ya gane da bakinsa ya kai kansa inda yake gudu. Ya tashi ya ɗauraye filas ɗin, ya juye shayi daga buta zuwa filas, daga filas zuwa kofi, ya tsinko na'a-na'a ya saka, ya tsaya gyara ganyen kamar za a ba shi maki. Idonsa ya sauka a kan koren akwatin. Tun yana yaro ya san shi, a kansa yake zama ya ci gurasa da safe, kafin ya san abin da ke ciki. Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar kansa, har ya fara tunanin ya bar takardar a aljihu, ya koma Yanbu ya ce wa Hirota a ba wani.

"Wannan da kake yi yanzu," in ji Hajja, "moji-moji ne ko guzu-guzu?"

"Duka biyun."

"To shinaide."

Ya ajiye kofin a gabanta. Ya sunkuyar da kai, maganar ta zubo da Larabci, da sauri, ba numfashi, kamar mai karanta sanarwa a rediyo.

"Da Hausa," in ji ta.

"Ai kin ji."

"Na ji. Larabci na salla ne da kasuwa. Maganar da za ta taɓa ni, da harshen uwata nake son ta."

Hausarsa ta gida ce, ta cin abinci da faɗa da kaka, bai taɓa ɗora mata kaya mai nauyi haka ba.

"Za su tura ni Japan karatu. Wata tara. In ban sa hannu ba zuwa jibi, sun ba wani. Ina so in je, Sitti, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yi miki alkawari, kuma ban manta ba."

Hajja ta ɗauki kofi ta kurɓa, ta ajiye.

"Wata tara. Ciki guda ke nan."

"Eh."

"Sukari ya yi kaɗan."

"Sitti, don Allah."

"Tun Litinin na sani."

Ya ɗago kai.

"Ummanka Zulaiha ko ruwa ba ta iya riƙewa a baki, balle magana. Kana zaton lalle ya ƙare a Madina ne da zan aike ka nemansa a Yanbu? Ga shi can buhu-buhu a kasuwa. So nake ka zo ka zauna a gabana in ga ko namiji na aura."

"Kin sani kika bar ni ina ta..."

"Moji-moji. Ai na more kallo. Ga najil kuma a kai."

Sai a lokacin ya lura da idanunta. Sun yi ja, fatarsu ta kumbura, kuma kwallin da ta rambaɗa yau ya fi na kullum yawa. Ashe tsohuwar ta yi kukanta ta gama tun kafin ya iso, ita kaɗai, ta bi shi da kwalli don kada ya gani. Abin ya soke shi har cikin rai. Ya zaro takardar daga aljihu.

"Ki ce kada in je, shi ke nan. Yanzu zan yaga ta."

"Yaga mana."

Ta zaci burga ce. Shi kuwa ya kama takardar da hannu biyu, har ta fara kecewa daga sama. Carbin Hajja ya sauka a bayan hannunsa, tas!

"Kai, ja'iri! Haukacewa ka yi?"

"Ke kika ce in yaga."

"Tun yaushe ka fara jin maganata? Shekara ashirin da bakwai ina cewa ka daina shan ruwa a tsaye, ka daina? Miƙo nan."

Ta karɓi takardar ta shimfiɗa a cinyarta, tana lallaɓa wurin da ya kece da tafin hannu. Ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa a ciki ba, amma ta riƙe ta da mutunci.

"Zauna sosai in gaya maka. Ni ma na yi moji-mojin nan, tun kafin Ɗan'inna ya kai musu. Ina da shekara ashirin kakanka ya ce za mu taho gabas da ƙafa. Ni kuwa kakata Iyatu ce ta rene ni a Mirriya. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke riƙe hannunta in za ta fita, don idonta ya tafi. Kwana uku ina zuwa ƙofar ɗakinta in tsaya ina murza bakin zane. In buɗe baki sai in ce, 'Iya, ko a dama miki fura?' Fura dai, fura dai, har cikin baiwar Allah ya kumbura. Ran na uku ta ce, 'Dumbulwa, ba na gani, amma ina jin ƙafarki tana haƙa mini ƙofa. Tafi. In kin isa ki ce Iyatu tana gai da Manzon Allah.'"

"Sallallahu alaihi wa sallam. Kin sake ganinta?"

"A ina? Shekara bakwai muka yi a hanya. Muna Sudan muna tsinkar auduga labari ya same mu."

"To kin gani, Sitti. Abin da nake tsoro ke nan."

"Na gani. Har yau in na tuna sai na ji shi a nan." Ta dafa ƙirji. "Amma ranar da na fara shiga Harami, kafin in roƙa wa kaina komai, saƙonta na isar. Da ta riƙe ni, wa zai kai mata? Kuma da yanzu kana Mirriya kana bin awaki, kunnuwan nan suna yi maka inuwa."

Dariya ta zo masa tare da hawaye, bai san wanda zai fara tarewa ba.

"A can ina ake duba in za a yi salla?" ta tambaya.

"Wajen yamma."

"Ikon Allah. A Mirriya gabas muke dubawa, nan kudu, kai kuma yamma. In ka haifi ɗa sai ka tura shi inda ake duban arewa, mu kewaye Ɗakin Allah ke nan. An ce ɗanyen kifi suke ci da tsinke?"

"Suna ci."

"Shi ya sa ka kawo mini najil, don in ga abin da za ka koma. To kada ka dawo mini kana kukan kyanwa."

"Sitti, ki bar zancen kifi. Alkawarin fa?"

"Alkawari yana nan daram. So kake in bar wa baffanka? Da wannan tumbin? In ya shiga kabarin sai an kira motar ɗaga kaya ta ciro shi, a bar ni a gefe ina jira cikin rana."

"To yaya za a yi?"

Hajja ta sa hannu cikin wuyan rigarta, ta jawo wata baƙar igiya, ta cire ta ta kai da ƙyar har ɗankwalinta ya goce. Shekara goma sha uku Saif bai taɓa ganin makullin nan ya bar wuyanta ba, ko lokacin da aka kwantar da ita a asibiti.

"Ungo."

"Makullin akwati?"

"Likkafanina na ciki, na kulle. Tafi da shi Japan. Kowa ya san ni, ko unguwa ba na fita ban shirya ba, balle wannan tafiyar. Astagfirullah. Allah Ka san wasa nake da yaron nan."

"Sitti..."

"Saurara, yanzu ba wasa. Rai na Allah ne. In Ya karɓi abinsa kana can, baffanka zai sa guduma ya fasa kwaɗon, a kai ni Baƙi'a, ba abin da zai ragu. Kai kuma na yafe maka alkawarin tun yau, duniya da lahira, kada ka ɗauki nauyinsa ko na kwana ɗaya. Ka yi mini addu'a daga inda kake, ai can ma ƙasar Allah ce. Wannan ke nan." Ta share hanci da bakin mayafi. "Amma ni a nawa ɓangaren, in aka zo kirana, zan tsaya a bakin ƙofa in yi ta moji-moji har jirginka ya sauka."

Saif ya goge ido da hiraminsa. Ko a wannan hali sai da malantar ta motsa.

"Wannan ba moji-moji ba ne."

"Me?"

"Wanda aka kira ya ƙi sauri, yana neman takalmi, yana jan jiki. Guzu-guzu ne."

"Irin na baffanka?"

"Irinsa sak."

"To ai a nonona ya sha. Shi zan yi, wata tara cur. Kai dai kada ka yi naka a can ka ƙara mini ko kwana ɗaya, don ban san iyakar takalman da zan iya nema ba."

Ta miƙa masa takardar. Ya duba ɗakin bai ga teburi ba, sai ya durƙusa ya ɗora ta a kan murfin koren akwatin, ya zaro biro ya sa hannu.

"Kuma in ka je ka nemo mini jikokin Ɗan'inna, ka ce su dawo mana da kalmominmu."

"Na sallama, ya Sitti. Naku ne, aro suka yi."

"Sata."

"Sata."

"Yawwa. Tashi ka kai wa ummanka kifin nan, ka ce a dafa shi ya yi luguf. Haƙoran huɗu ne, amma yau sai sun yi aiki."

Ya rataya igiyar a wuyansa, ya tura makullin cikin jallabiya. Har yanzu da ɗuminta a jikinsa. Ya sunkuya ya sumbaci kanta, ta ture shi ta ce zai ɓata mata ɗauri. Ya ɗauki akwatin kifi ya fita yana dariya, kyanwa na bin sa, muryar tsohuwa na bin su duka biyun.

"Rufe ƙofa, mai kunnuwa! Kana fitar mini da sanyi."